Maki Huɗu

A Milwaukee, wata Talata da ƙanƙara ta daskarar da bakin tafki,
na hau benen shagon tsoho Tadeusz Krol
da dalar azurfa guda cikin ambulan da ya yi ja don tsufa.
Ita babana ya bar min,
ita da rufin kicin mai yoyo.

Krol bai amsa gaisuwata ba sai da ya wanke hannu.
Ya kama ta gefe da gefe kamar mai ɗaukar ɗanyen ƙwai,
ya jawo fitila, ya manna gilashi a ido,
ya yi shiru har na ji ƙarar agogon bango.
Ya bi gashin matar da ke jikin kuɗin, sili-sili,
ya juya, ya bi gashin ƙirjin mikiya,
ya dawo.
"Nan," in ji shi, "kan kunci.
An taɓa ta. Ƙyallin maƙera ya bar wurin.
Hamsin da takwas.
Abin da ya goge ya goge, 'yata,
ba na kiran bazawara budurwa don ta sha ado."

Jikarsa Halina na bayan kanta tana gatsar tuffa.
Ta ajiye, ta share hannu a riga, ta karɓa,
ta karkata ta cikin haske.
Sai launi ya tashi:
shuɗi a baki, ruwan zuma a ciki,
wani ja-ja kamar garwashi ya kusa mutuwa,
abin da takarda ta shekara tana dafawa a ɓoye.
"Kaka, wa ke zuwa kasuwa ya sayi kunci?
Ido ke saye.
A Chicago sittin da biyu za su rubuta,
a biya kuɗin sittin da biyu kafin a rufe ƙofa."

"Lambar ma'auni ce, ko farashi?
Gobe in kasuwa ta faɗi, kuncin zai ƙara gogewa?
In ta tashi, zai warke?"

"In ba a saya ba, ma'auninka ya ciyar da wa?"

Sun saba, na lura.
Faɗan ya girmi tuffar, ya girmi Halina ma.

Ni kuwa ban ce uffan ba,
don na san ɓarawon ƙyallin.
Kowane daren Kirsimeti, bayan an kwashe kwanuka,
babana kan zaro ta,
ya ɗora babban yatsa a kuncin matar, sau ɗaya,
yatsan da gidan narka ƙarfe ya mayar kamar dutsen wasa wuƙa,
ya ce da mu, "Ba mu talauce ba tukuna,"
ya mayar.
Shekara arba'in da ɗaya.
Taɓawa arba'in da ɗaya.
Su ne gilashin Krol ya gano,
su ne launin Halina ya yafe.

Maki huɗu.
Na lissafa a zuci: sun kai kuɗin mai gyaran rufi,
har da canjin bokitin da na gaji da zubarwa.
Na ce a aika da ita.

Bayan mako bakwai ta dawo cikin roba,
an liƙe ta ruf, an buga sittin da biyu.
Ba yatsan da zai sake kaiwa gare ta.
Wani likitan haƙori daga Madison ya saye ta ta waya.

Da zan sauka, Krol ya kira ni.
Ya miƙo tsohon ambulan, ba kome ciki,
ya rubuta da fensir a kusurwa, ƙanana:
hamsin da takwas.
Bai ce kome ba, ya koma wanke hannu.

Kicin ya daina yoyo.
Ambulan na cikin aljihun tebur, ƙarƙashin cokula,
da zagayen da azurfa ta bari a jikinsa.